Degrassi ko Avonlea? Abin da Ƙasashen da Suka Riga Mu Kallo Suka Yanke

Ana saura mako guda a ba da dogon hutu ƙanwata ta kira ni. "Yaya, don Allah ka nemo wa yaran nan wani abin kallo na Turanci mai ma'ana. Katun ɗin nan ya ishe ni, ga babbar ta fara leƙe-leƙen da ban gane musu ba a waya." Babbar tata shekararta 14, mai bi mata 11, autan kuma bakwai. Buƙatarta biyu ce kawai: kunnen yara ya saba da Turanci, kuma kada ta shigo falo ta tarar da abin da zai sa ta wawuri rimot.

Shirye-shirye biyu masu dogon zango suka faɗo mini a rai. Dukansu na ƙasar Kanada ne, dukansu sun faro daga tasha guda, wato CBC ta gwamnatin ƙasar, har ma sun yi zamani tare a farkon shekarun 1990. Ɗaya shi ne Degrassi, labarin 'yan makaranta a birnin Toronto. Ɗayan kuma Road to Avonlea, labarin wani ƙauye a tsibirin Prince Edward shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Idan ta bakin masoyansu za ka bi, kowanne za a ce maka babu kamarsa wajen tarbiyya. Ni kuwa na ɗauki abin kamar binciken aure: ba mai nema ake tambaya halinsa ba, unguwannin da ya zauna ake bi. Waɗannan biyun sun zauna a unguwanni da yawa, daga Ingila da Amurka zuwa Ostareliya, Japan da Iran. Abin da kowace ƙasa ta yi da shirin bayan ya shigo hannunta, lokacin da ta ware masa, wurin da ta sa almakashi, da inda ta ce a kai kasuwa, ya fi kowace talla nuna abin da ke ciki.

Yawon nan da suka yi ba don sha'awa ba ne. A lokacin mutanen Kanada ba su kai miliyan 30 ba, ga Amurka a maƙwabta tana kwararo musu shirye-shiryenta ta kan iyaka. Wanda ya kashe kuɗi ya shirya wasan kwaikwayo mai tsada ba zai mayar da uwar kuɗinsa a gida kaɗai ba, dole ya nemi mai saye a waje. Shi ya sa kowanne cikinsu ya sami abokin tarayya a Amurka: Degrassi ya jingina da tashar WGBH ta Boston da ke ƙarƙashin PBS, Avonlea kuma da Disney Channel. Daga zaɓen abokan nan ma mutum zai fara shinshino bambancin. PBS tashar ilimantarwa ce, Disney kuwa sana'arta sayar wa iyaye kwanciyar hankali.

Degrassi ba shiri ɗaya ba ne

Wannan shi ne kuskuren farko da mai nema a intanet zai yi. Sunan ya rufe shirye-shirye biyar da aka yi tsakanin 1979 da 2017, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Asalin abin wata malamar makaranta ce a Toronto, Linda Schuyler, ita da abokin aikinta Kit Hood. A 1979 suka ɗauki wani gajeren fim kan yarinyar da ta shirya fim game da shara, alƙalan gasa suka fahimce shi a matsayin fim kan yaƙi suka ba ta kyauta, ta shiga wasiwasin ko ta faɗi gaskiya. Daga nan aka sami The Kids of Degrassi Street, kashi 26 har zuwa 1986, sunan kuma na wani titi ne na gaske a gabashin Toronto. Yaran firamare ne, damuwarsu ta yara ce: ƙarya, faɗa da aboki, rabuwar iyaye, rasuwar wani na kusa. BBC ta nuna shi ga yaran Ingila, ya kuma ci lambar yabo ta Emmy ta ƙasa da ƙasa a 1986.

Rigimar ta fara ne da Degrassi Junior High, wanda CBC ta fara nunawa ranar 18 ga Janairu 1987, kashi 42 a zango uku. 'Yan ƙaramar sakandare ne yanzu. Ba ƙwararrun 'yan wasa aka ɗauko ba, yaran gari ne da ƙurajen fuskarsu da kayan da kowa ke sawa, aka ɗauke su a wata tsohuwar makaranta ta gaske. A kashin farko kaɗai za ka ga Stephanie ta fito daga gida cikin shigar mutunci, tana isa makaranta ta shige banɗaki ta sauya zuwa matsattsun kaya ta shafa kwalliya. Duk uwar da ta ga wannan ta san ba a Toronto kaɗai ake yi ba. Akwai Lucy mai ɗauke-ɗauke a kanti saboda iyayenta ba sa zama gida, da Rick da mahaifinsa ke jibga, da Yick wanda ya zo ƙasar a matsayin ɗan gudun hijira. Sai Spike, 'yar shekara 14, wadda ta yi ciki.

Kashin da ya bayyana cikin Spike ya ci Emmy ta ƙasa da ƙasa a 1987, har daga sunan lambar aka samo sunan jaririyar, Emma. A gida Kanada, CBC ta ɗauke shirin daga yammacin Lahadi ta kai shi lokacin da iyali ke zaune da daddare, masu kallo suka haura miliyan guda. A Ingila kuwa labari ya sha bamban. A 1988 BBC ta fara nuna zangon farko a BBC1, cikin shirye-shiryen yara na yamma, daidai lokacin da 'yan firamare suka dawo gida. Sai ta tsallake wasu kashi-kashi, ciki har da na cikin Spike, da wani wanda jita-jitar cewa wata malama 'yar maɗigo ce ta ruɗa ɗalibarta. Daga baya aka nuna waɗanda aka tsallake a BBC2, cikin wani sashe na matasa mai suna DEF II. Zango na biyu da na uku kuwa BBC ba ta nuna su ba.

A nan ya kamata a tsaya a yi tunani, domin BBC ba tashar 'yan kunya ba ce. Tun 1978 tana da nata shirin 'yan makaranta, Grange Hill, kuma a 1986 ta nuna wani ɗalibi a cikinsa ya faɗa shan hodar heroin mai sa maye, a dai wannan lokacin na yara. Tashar da ta iya wannan ce ta ga cikin Spike ta ja da baya. Ba ta ce shirin banza ne ba, tunda ta nuna shi. Cewa ta yi ba na 'yan shekara takwas ba ne. Na fi amincewa da wannan hukunci fiye da duk wani yabo da na karanta.

Amurkawa sun bi wata hanyar. PBS ta fara nuna shirin a Satumbar 1987, WGBH har ta buga littattafan jagora ta raba wa malamai, domin a kalla a aji sannan a tattauna. Wato su ma ba su ɗauke shi abin da za a bar yaro da shi shi kaɗai ba. Da aka zo Degrassi High, kashi 28 daga 1989 zuwa 1991, an buɗe ne da labarin Erica da ta yanke shawarar zubar da ciki. A wurin ƙarshe tana ratsa masu zanga-zanga a ƙofar asibitin, ana kaɗa mata 'yar tsanar roba mai siffar ɗan tayi. PBS ta datse wurin, Kit Hood ya fito fili ya nuna ɓacin ransa. A wannan shirin ne kuma Dwayne ya kamu da cutar ƙanjamau, Claude ya kashe kansa. Fim ɗin rufewa na 1992 har da ashar ƙarara.

Ostareliya ce ta rungume shi hannu bibbiyu. Tashar ABC ta can ta sa shi cikin shirinta na yamma na matasa tun 1988, ta yi ta maimaitawa shekara da shekaru, har 'yan ƙasar da suka tashi a lokacin suke jin kamar nasu ne.

Bayan shekara tara aka farfaɗo da shi da sunan Degrassi: The Next Generation, a tashar CTV daga Oktobar 2001, Emma ɗin nan ta girma ta shiga makarantar. Wannan ya yi zango 14, kashi 385, har zuwa 2015. Shi ne wanda matasanmu za su fi cin karo da shi, saboda a cikinsa Aubrey Graham, mawaƙin da duniya ta sani da Drake, ya fito a matsayin Jimmy, ɗan ƙwallon kwandon da wani ɗalibi ya harbe a makaranta ya koma kan keken guragu. A Amurka tashar matasa ta The N ce ta ɗauke shi daga 2002, ya zama shirinta mafi farin jini. Duk da haka, da aka zo kashi biyun da wata ɗaliba mai suna Manny ta zubar da ciki, waɗanda Kanada ta nuna a farkon 2004, tashar ta ƙi nunawa. Sai a Agustan 2006 ta sake su, bayan matasan Amurka sun gaji da koke sun riga sun nemo su a intanet. Shekara goma sha biyar tsakani, tasha daban, amma batu ɗaya ya sake tsaya wa Amurkawa a wuya.

Ba zan rufe wannan ɓangare ban faɗi wani alheri nasa ba. A 2002, ana tsakiyar ƙiyayyar da ta biyo bayan harin 11 ga Satumba, shirin ya kawo labarin Hazel, Musulma 'yar asalin Somaliya da ke ɓoye asalinta tana cewa ita 'yar Jamaika ce, har tana tsangwamar wata Musulma mai hijabi don kada a gano ta. Na ƙarshensu, Next Class, wanda Netflix ta yaɗa a duniya daga 2016 zuwa 2017, yana da ɗaliba mai hijabi cikin manyan 'yan wasansa, ya kuma shigo da 'yan gudun hijirar Siriya. Mai 'ya'ya a ƙasar waje zai gane darajar wannan. Amma a cikin waɗannan sababbin biyun, soyayyar jinsi ɗaya da sauya jinsi ba ɓoyayyen zance ba ne, suna tsakiyar labari, kuma shirin yana tare da masu yi. Gara mutum ya san haka tun kafin ya danna.

Ƙauyen da har Iran ta buɗe wa ƙofa

Road to Avonlea ya fara a CBC ranar 7 ga Janairu 1990, ya ƙare a Maris 1996, zango bakwai, kashi 91. Kevin Sullivan ne ya shirya shi, daga littattafan Lucy Maud Montgomery, marubuciyar Anne of Green Gables, wanda shi Sullivan ɗin ya riga ya mayar fim a 1985. Labarin yana gudana tsakanin 1903 da 1912.

Farkonsa kamar a gidanmu aka tsara shi. Sara Stanley 'yar attajiri ce a birnin Montreal, mahaifiyarta ta rasu, aka zargi mahaifinta da almundahana, sai ya tura ta riƙo wurin dangin uwa a ƙauye. Ta iso da akwatuna da mai raino da shagwaɓa. Wadda ta karɓe ta ita ce Hetty King, yayar mahaifiyarta, malamar makarantar ƙauyen, mace mai tsare gida da ba ta taɓa aure ba, mai ganin babu zuri'a irin tasu a duk tsibirin. Inna ce ga Sara, goggo ce ga su Felicity da Felix da Cecily, 'ya'yan ƙaninta Alec da ke gonar gado a maƙwabta. Ba a jima ba Hetty ta sallami mai rainon. Sauran labarin shi ne yadda 'yar birni ta koyi zama da 'yan uwa masu kishi da ita, da yadda zuciyar Hetty ta yi laushi ba tare da bakinta ya yi ba. Ga Rachel Lynde uwar tsegumin gari, ga Felix da kullum yake ƙulla dabarar samun kuɗi ta ɓare masa, ga Peg Bowen da yara ke gudu suna cewa mayya ce alhali mai maganin gargajiya ce da ta fi kowa hankali. Ga kuma Gus Pike, matashin da ya zo ba ya iya karatu, Hetty ta zaunar da shi a aji cikin ƙananan yara.

Disney Channel ta fara nuna shi a Amurka tun 1990 da gajeren suna Avonlea. Kuɗin Disney ya bar tabonsa: an riƙa gayyato taurarin da Amurkawa suka sani su yi baƙunta, irin su Christopher Lloyd, Christopher Reeve da Faye Dunaway. Lloyd ya ci Emmy da fitowarsa a 1992, shirin kansa ya ci ta shirin yara a 1993. A nawa ganin yawancin kashi-kashin baƙin nan su ne masu rauni, sai ka ga an ture mutanen ƙauyen gefe don a ba baƙo fili. Wani ɗan labari a gefe: Sarah Polley, wadda ta fito a Sara, tana 'yar shekara 12 ta sa alamar zaman lafiya zuwa wani bikin ba da kyaututtuka a lokacin yaƙin Tekun Fasha, manyan Disney suka ce ta cire ta ƙi. Yarinyar nan ce ta girma ta ci Oscar a 2023 a matsayin marubuciyar fim.

A Japan ƙofa a buɗe take tun tuni. Hanako Muraoka ta fassara littafin Anne zuwa Japananci a 1952, aka yi katun ɗinsa a 1979, Japanawa kuma suna tururuwa zuwa tsibirin Prince Edward yawon buɗe ido. Da tashar talabijin ta NHK ta Japan ta ɗauki Avonlea, 'yan kallo na nan suna jira. Abin dariya, yawancin shirin ba a tsibirin aka ɗauke shi ba, an gina ƙauyen ne kusa da garin Uxbridge a lardin Ontario. A ƙasar Poland ma littattafan Montgomery sun fi shekara ɗari a hannun mutane, shirin ya samu shiga. A Hangari an sa masa wani suna mai ma'anar tafiyar bazata, ya zama abin kallon iyali.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Iran. Gidan talabijin na gwamnatin ƙasar ya fassara shi da Farisanci a shekarun 1990, da suna mai ma'anar Labaran Tsibiri, kuma ya shiga ran mutane ƙwarai, har yau Iraniyawan da suka tashi a lokacin suna zancen Hetty kamar goggonsu. Ka duba fa: shirin Kiristocin wani ƙauyen Kanada, da kuɗin Disney a ciki, a talabijin ɗin Jamhuriyar Musulunci, a shekarun da ba a ga maciji tsakaninta da Amurka. Dalilin, a ganina, a fili yake. Matan ƙauyen riga har idon sawu suke sawa, mai dogon hannu da rufaffen wuya. Neman aure a gaban manya ake yi, yana ɗaukar shekaru. Yaro ya yi laifi, ya sha faɗa, ya ba da haƙuri.

Wa ke da maganar ƙarshe?

Idan aka tattara duk wannan yawo, bambancin ba ya tsaya a kan cewa ɗaya na da batsa ɗaya babu. Degrassi Junior High ba ya nuna tsiraici, zagin da ke cikinsa ma ƙirƙirarsa suka yi don su kauce wa ashar, shahararren cikinsu ma'anarsa "kan tsintsiya". Kuma ba ya ƙawata ɓarna. Spike ba ta haihu an tafa mata an wuce ba: iyayen ɗalibai sun sa an dakatar da ita daga makaranta, ta haifi bakwaini, ta yi shekaru tana fama da raino da jarrabawa da rashin kuɗi, yaron da ya yi mata cikin kuma ya sha ƙwaya ya faɗo daga kan gada ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Yarinyar da ta bi wannan labari har ƙarshe ba za ta yi sha'awar rayuwar Spike ba.

Bambancin na gaske shi ne wurin da aka ajiye manya. A Degrassi kyamara tana tare da yara koyaushe. Iyaye da malamai suna shigowa su fita, sau da yawa su ne matsalar, ko kuma ba su san wainar da ake toyawa ba. Yaro da abokinsa ne za su zauna a matakalar bene su yanke shawara, daidai ko kuskure, kashin ya ƙare ba tare da wani babba ya zo ya ce ga gaskiya ba. Da gangan aka yi haka, don mai kallo ya ci gaba da tunani. A Avonlea kuwa manya su ne ginshiƙi. Suna kuskure, Hetty ma ta fi kowa taurin kai, amma a ƙarshe a teburin cin abinci ake warware magana, Alec ko matarsa Janet su faɗi ta ƙarshe. Shi ya sa aka iya ɗaukar Avonlea daga Tokyo zuwa Tehran a ajiye a falo ya zauna daram, shi kuwa Degrassi duk inda ya je sai an nemo masa mai rakiya: ko a ɗaga lokacinsa, ko a haɗa shi da littafin malami, ko a datse wani wuri.

Ga inda gizo ke saƙar a wurinmu. Duk waccan kariya ta tashoshi ce, kuma ta tafi da zamaninta. Kamfanin WildBrain da ya mallaki Degrassi yanzu ya zuba kashi-kashi masu yawa a YouTube, kuma cikakku ne, ba wanda BBC ta tace ba. In ɗaya ya ƙare, wayar da kanta za ta jawo na gaba, ba ruwanta da ko na 1987 ne ko na 2012. Haka shi ma Avonlea: talabijin ɗin Iran ba ya sakin shirin waje sai ya bi shi da almakashi, don haka abin da Iraniyawa suka gani ba shi ne daidai abin da za ka samu ba. A cikakkensa akwai rawar maza da mata a ɗakin taro, akwai sumba tsakanin masoya jefi-jefi, musamman a zangunan baya da Sara ta bar ƙauyen labari ya karkata ga soyayyar Felicity da Gus. Akwai coci da fasto da bikin Kirsimeti, ba a matsayin wa'azi ba, a matsayin rayuwar garin. Ga iyalin Kirista wannan gida ne. Ga iyalin Musulmi tambayoyi ne da yaro zai yi, masu sauƙin amsawa.

Avonlea yana da nasa gurgun gefen. An zuba masa sukari da yawa. Kusan kowa a ciki farar fata ne, mutanen Mi'kmaq da suka riga Turawa zama a tsibirin da ƙyar ake jin ɗuriyarsu. Yaron da ya kalle shi kaɗai zai ɗauka Kanada ƙauyen fararen tsofaffi ne masu shan shayi. Toronto ta Degrassi, da baƙaƙe da 'yan Asiya da 'ya'yan baƙin haure a aji guda, ta fi kusa da gaskiyar ƙasar.

Ta fuskar Turanci, wanda shi ne dalilin ƙanwata na farko, Avonlea ya yi gaba. Ana magana a tsanake, jimla cikakkiya, Hetty ma gyara wa mutane nahawu take yi a tsakiyar hira. Sai dai wasu kalmomin sun tsufa, kuma Gus da nasa karin harshen na masunta. Turancin Degrassi na bakin titi ne, da sauri, da salon matasan shekarun 1980, ga sautin tsofaffin kashi-kashin ba shi da tsabta sosai. Ta fuskar data kuma lissafin ya juya. Kashin Avonlea yana cin kusan minti 45, duka 91 ɗin sun doshi awa 70, kuma kamfanin Sullivan sayar da abinsa yake yi a dandalinsa na GazeboTV da faifai. Kashin Degrassi bai kai rabin awa ba, Junior High gaba ɗayansa awa ashirin ne ko ƙasa da haka. Dukansu tsofaffin ɗauka ne, ƙara ƙarfin hoto ba zai ƙara musu kyau ba, a bar shi a ƙasa a huta.

Abin da na gaya wa ƙanwata ke nan. Mai shekara 11 a kunna mata Avonlea daga kashin farko, a bi shi a jere, don labarin gini ne. Autan zai zauna in Felix na tafka shirme, ya tashi in an koma hirar manya, kada a tilasta masa. In an sami The Kids of Degrassi Street shi ne daidai da shi, amma a sauke masa a ajiye, kada a bar shi da YouTube a buɗe. Sababbin Degrassi biyun na ce ta bar su tukuna.

"To babbar fa, Yaya? Ita ce damuwata."

Na ce ta yi abin da PBS ta yi, ba abin da BBC ta yi ba. Ta fara kallon zangon farko na Junior High ita kaɗai da daddare, kashi 13 ne kawai, ta zaɓi waɗanda za su kalla tare. Na ba ta shawarar kada ta tsallake na Stephanie mai sauya kaya a banɗaki, kuma na Spike ma, in ta ga za ta iya zaman, gara yarinyar ta fara jin zancen daga gefen uwarta. In ta san ba za ta iya zaman ba, ko kunya ba za ta bar ta buɗe baki bayan an kashe talabijin ba, to kada ta fara, babbar ma ta bi sahun Avonlea. Felicity mai rawar kai da burin zama likita ta ishe ta abokiyar hira.

Sai na tuna a gidan nata akwai 'yar riƙo, marainiya daga dangin mijinta, sa'ar mai shekara 11. Na sake kiranta na ce ta lura: a farkon zango na biyu Sara ta koma Montreal wurin mahaifinta, ya rasu tana can, aka sake mayar da ita hannun Hetty. Ranar da za a kai wannan kashin, ta ajiye aikin kicin ta zo ta zauna kusa da yarinyar.